Kafin ka zuba kuɗi a manhajar yanke hukunci kan bayanai masu kwarara

Rumbun bayanai na gargajiya sai ka tambaye shi sannan ya amsa. Amma idan abin da ke hannunka cinikin na'urorin POS ne, ko farashin da ke sauyawa a shafukan intanet kowace daƙiƙa, kana bukatar manhajar da za ta zauna bakin rafin tana kallon abin da ke wucewa, ta yi hukunci nan take: an ciri kuɗi da wannan katin a Sabon Gari, bayan minti biyar an sake cira a Legas, to a tsayar da shi.

Ni dai Apache Flink nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni, kuma dalilina daga wuyar da na sha ne. Na taɓa aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi inda manhajarmu ke lissafi da lokacin da saƙo ya iso mata. Wata ranar kasuwa sabis ya ɗauke a wani gari na kusan awa guda. Da ya dawo, cinikin da na'urorin suka tara ya afko gaba ɗaya, manhajar ta ga kamar wakili ɗaya ya yi ciniki arba'in cikin minti biyu, ta rufe masa asusu. Na ga bawan Allah ya zo ofis da takardun rasit a cikin leda, yana jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, kowace da lokacinta a jiki. Gaskiyarsa ce, laifin namu ne.

Flink tun daga tushe ya raba lokacin da abu ya faru da lokacin da labarinsa ya iso. Kai za ka gaya masa tsawon jiran da zai yi wa saƙon da ya makara, da inda zai ajiye wanda ya wuce wa'adin don kada ya ɓace. Yana kuma adana halin da lissafi yake ciki lokaci-lokaci, ta yadda ko wuta ta ɗauke, zai ɗora daga inda ya tsaya ba tare da ya ƙirga ciniki ɗaya sau biyu ba. A Berlin aka fara shi da sunan Stratosphere, ya shiga Apache, gidauniyar da ke kula da manhajojin kyauta, a 2014, sannan Alibaba, kamfanin cinikin intanet na China, ya sayi kamfanin waɗanda suka ƙirƙiro shi a 2019, kuma da Flink yake ɗaukar cinkoson cinikin ranar 11 ga Nuwamba, babbar ranar sayayya ta intanet a China. Kyauta ne, sai dai yana cin ma'adanar kwamfuta, kuma dole ka sami wanda zai riƙa kula da shi.

Akwai wasu manhajojin ban da Flink. Spark a dunƙule-dunƙule ya saba sarrafa bayanai, idan kana da shi tuni ka ci gaba. Kafka Streams ba laifi ga ƙaramin aiki, muddin komai naka ta Kafka yake bi, wato manhajar da ke jigilar saƙonni tsakanin manhajoji. Storm, wanda Twitter ya saki a 2011, zamaninsa ya wuce. C-SPARQL na masu bincike ne a jami'ar Politecnico da ke Milan, ba zan ɗora kuɗin jama'a a kansa ba. RDFox da ya fito daga Oxford, wanda Samsung ya sayi kamfaninsa a 2024, shi ne ya fi kowa iya janye hukunci idan hujjar da aka gina shi a kai ta goge, amma na kuɗi ne.

Inda na fi jin tsoro wajen 'yan talla ne. Za su zo da allo mai launi, lambobi suna motsi, su ce basirar na'ura ce ke aiki nan take. Ka leƙa ciki, sai ka tarar wata 'yar manhaja ce ke tambayar tsohon rumbu duk bayan minti biyar. Wasu kuma Flink ɗin kyauta suke lulluɓewa da sabon suna, su sa maka farashi da dala a kan kowane gigabait, ba za ka gane ba sai takardar wata na uku ta zo. Akwai masu nuna maka gwaji da bayanan da suka tsara da kansu, tsaf a jere, babu mai makara, babu mai maimaituwa.

Kada ka sa hannu sai an gwada da naka bayanan. Ka tura saƙo ɗaya sau biyu, ka riƙe wasu na rabin awa sannan ka sake su, ka zare wayar kwamfutar ana tsakiyar aiki. In an kunna, ka ɗauki alƙalami ka haɗa jimillar da kanka, ka kuma nemi a nuna maka wace doka ce ta sa aka tsayar da kowane ciniki.