Kafin ka sa a tura maka kundin Celine Dion

Duk wanda ya je wajen masu turi a Farm Centre ko Bata a Kano ya ce a zuba masa zaɓaɓɓun waƙoƙin Celine Dion, to ya fara sanin wanne yake nufi. Kundayen suna da yawa, kuma ba harshe ɗaya ta rera su ba.

Akwai wanda ya fito a Turai a 1988, jim kaɗan bayan ta ci gasar Eurovision, wato gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a birnin Dublin. 'Yar Kanada ce, amma Suwizalan ta wakilta, tana da shekara 20, kuma da maki ɗaya tak ta kayar da mawaƙin Birtaniya, 137 da 136. Da ƙarfe ya yi zafi sai aka tattaro waƙar da ta ci gasar da waɗanda ta yi tun tana yarinya, aka kai kasuwa. To, a nan masu saye ke shiga ruɗani: sunan kundin da Turanci yake, The Best of, amma kaf waƙoƙin da Faransanci aka yi su, domin sai a 1990 ta fitar da kundinta na farko da Turanci. Mai neman waƙar fim ɗin Titanic ba zai same ta ciki ba, ita sai a 1997 ta fito. Ni dai ina ƙaunar wannan kundi. Muryar ɗanya ce shar, ba a cika ta da kayan kiɗa ba. Sai dai na masu son jin asalinta ne, da 'yan'uwanmu masu zirga-zirga Maraɗi da Damagaram waɗanda ke jin harshen.

In Celine ɗin da muka saba ji a gidajen rediyo da shagunan teloli kake so, nemi All the Way na 1999: fitattun waƙoƙi 9, sababbi 7. My Love na 2008 ya fi shi faɗi, don ya haɗo da na bayan 2000. Da kuɗin ɗaya kawai gare ni, shi zan ɗauka. Mai son na Faransancin kuma, kundin 2005 mai faifai biyu ya fi na 1988 cika nesa ba kusa ba.

Saura hanyar samu. Turi a memori ya fi araha, amma sau da yawa fayil ɗin tarkace ne, har da waƙoƙin wasu mata da aka liƙa wa sunanta, wasu kuma an matse su sauti ya dushe. Kada ka biya sai ka sa abin kunnenka ka saurari uku ko huɗu a tsaye a wurin. Faifan CD na gefen titi kuwa yawanci kwafi ne, bayan 'yan makonni ya fara tsalle. Spotify, dandalin sauraron waƙoƙi ta intanet wanda ya shigo Najeriya a 2021, zai nuna maka shekarar kowane kundi da jerin waƙoƙinsa, kuma ta nan ne haƙƙin mai waƙa ke isa gare ta. Duba jerin a can tukuna, ko da daga baya wajen mai turi za ka nufa.