Yawon kallon tsuntsaye a kwalekwale a tafkin Nguru: abin da na gani

Masu kwalekwalen da ke ɗaukar baƙi a tafkin Nguru ba su da ofis, ba su da allo. Masunta ne, kuma kuɗin da za ka biya ya danganta da iya cinikinka. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne da ya haura sittin, kuma tun daga farko zan faɗa: ya ci kuɗinsa, duk da akwai abin da ya yi da bai yi mini daɗi ba.

Na je ne da hunturu, lokacin da agwagin Turai ke sauka. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne cikar kasuwar. Mun tashi bayan asuba, hazo bai gama washewa ba. Kirinjijiya tuli, suna ta fito a sama. Zalɓe, balbela, dinya guda biyu can nesa, sai waɗancan baƙin agwagi da suka ƙetaro Sahara. Baba bai san sunayensu na littafi ba, amma ya san inda kowanne yake kwana da inda yake kiwo, ya kuma san wanda ke fara zuwa.

Sai dai yawancin tafiyar a cikin kacala muka yi ta. Ciyawar ta fi mutum tsayi, ta rufe hagu ta rufe dama, sai wata 'yar hanya da masunta suka sare. Na tambaye shi ko haka wurin yake tun da. Ya ce, "Malam, ina yaro nan duk fili ne. Ruwa ya zo da damina, ya janye da rani, mu shuka, shanu su yi kiwo. Yanzu ruwan ba ya tafiya."

Wannan maganar tasa ita ce ta fi komai daraja a yinin. Dausayin Haɗeja da Nguru ya sha fari, na 1973 da na 1984 ba ƙanana ba ne, ya kuma sha ambaliya irin ta 2012 da 2022. Amma fari da ambaliya baƙi ne, suna zuwa suna wucewa, tsuntsaye su kaura su dawo. Abin da ya zauna daram shi ne sauyin da madatsun ruwa suka kawo. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, duka a jihar Kano. Sun rage ƙarfin ambaliyar damina, sannan suna sako ruwa da rani, lokacin da ƙasa ta saba bushewa. Kacala kuwa abin da take so ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin Haɗeja, ruwa ya karkato ta mashigin Marma zuwa Nguru, mutanen da ke ƙasan kogin wajen Gashuwa suka ga raguwar ruwa.

Ga tsuntsaye, lissafin a bayyane yake. Masu dogayen ƙafafu da ke tsintar abinci a taɓo suna buƙatar gaɓar da ruwa ya janye ya bari. Agwagi suna son buɗaɗɗen ruwa. Kacala ta cinye duka biyun. Wanda ya ci riba shi ne jan baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cin hatsi, domin ya samu wurin kwana da ba mai iya shiga. Mun ga garkensu da yamma kamar hayaƙi. Idan ka tsaya ƙidayar kawuna za ka ce tsuntsaye sun ƙaru, amma iri ɗaya ne ya yi yawa. Manoman shinkafa da gero su ke kwana a ciki, kuma in aka kawo jirgin feshi, maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu.

Na tambayi Baba gauraka. Ya yi dariya, ya ce in ina son ganinta in nufi gidan wani mai hali a birni. Kamawa ake yi ana sayarwa don ado. Ungulu ma ban ga ko ɗaya ba har na bar garin, har a mahauta. Masu haɗa magani sun sa mata kuɗi.

Yanzu abin da ya ɓata mini rai. Duk inda muka iske agwagi sun natsu suna kiwo, sai ya buga filafili a jikin kwalekwalen don su tashi in ɗauki hoto. Wai baƙi haka suke so. Na ce, "Baba, don Allah a bar su." Tsuntsun da ke tara kitsen komawa Turai, kowane firgici asara ce gare shi. Ya daina, bai yi musu ba, amma ka faɗa masa tun kafin ku tashi. Rigar kariya ta ruwa babu, rumfa babu, madubin hangen nesa kuwa sai ka zo da naka. Kwalekwalen yana ɗan yoyo, yaronsa yana ta kwalfewa da ƙwarya.

Tun shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma a bakin ruwan ba abin da zai nuna maka haka.

Wanda yake da kwana biyu ya ƙara da Dagona, a ƙaramar hukumar Bade, inda aka keɓe wa tsuntsayen ruwa wuri a cikin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Can Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. A Nguru dai ka nemi tsohon masunci, ba saurayi mai inji ba, domin ƙarar inji tana korar komai kafin ka iso. Ka riƙe ruwan sha da hular malafa, ka kuma gama ciniki tun da dare.