Niyutiron ko Eksire: Wanne Za a Haska wa Maganaɗisu?

Ɗaliban fiziks a Gusau sun sha yi mini wannan tambaya: wanne ya fi dacewa wajen binciken tsarin maganaɗisun da ke cikin abu, niyutiron ko eksire?

Niyutiron, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke tsakiyar atam, ba shi da cajin lantarki, amma shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. Yana ratsa abu har ciki, ya karkace gwargwadon yadda maganaɗisun atam-atam suka jeru. Da shi masanin fiziks Clifford Shull ya bayyana tsarin maganaɗisun MnO (haɗin manganis da oksijin) a 1949, aikin da har yau yake burge ni. Sai dai niyutiron yana son samfuri babba, ga jiran layi a cibiyoyin bincike da niyutiron irin ILL ta Faransa.

Eksire kuwa cajin elektaron yake ji. Alamar maganaɗisun da yake bayarwa rarrauna ce sai an saita shi a sinkirotiron (babbar na'urar da ke samar da eksire mai ƙarfi), amma ɗan ƙwayar samfuri ya ishe shi.

Mai babban kiristal ya nemi niyutiron. Mai siririyar shimfiɗa, ko ƙarfen gadoliniyam da ke haɗiye niyutiron, eksire ya fi masa.