Gidan mandi ko gidan abincin zamani? Ni dai ga wanda zan ce ku je

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Kin tambaya ina ya fi ku je cin abinci ke da ƙawayenki, gidan mandi, wato shinkafa da nama irin na Larabawa, ko gidan abincin zamani. Ku tafi gidan mandi kawai, ki ajiye maganar wancan gidan abincin na zamani mai gilasai da fitilu. Tunda kin ce ku goma sha biyu ne, ƙawayen makaranta, kuma karo-karo za ku yi, ai ni a wajena magana ta ƙare tun daga nan.

A gidan mandi in taro ne tire ake saya, ba faranti ba. Tun kina gida za ki kira ki tambayi kuɗin babban tire na rago da na kaza, a faɗa miki, ki haɗa da na ruwa da lemo da shayi, ki raba gida goma sha biyu, kowa ta turo wa mutum ɗaya kwana biyu kafin ranar, shikenan an gama da maganar kuɗi, ranar fita hira kawai za a je yi. A wancan kuwa kowa za a miƙa mata menu ta zaɓa da kanta, kuma nan ne matsalar take, don ƙawayen makaranta ba aljihu ɗaya gare su ba, wata mijinta ɗan kasuwa ne a Kwari, wata malamar firamare ce tana jiran ƙarshen wata, wata ma gida take zaune ba ta da ko sisi sai abin da aka ba ta. Wata za ta ce a kawo mata gasasshen kifi da wani lemo mai 'yar laima a baki, ta kusa da ita ta bi farashin da ido daga sama har ƙasa ta rufe ta ce ita fa a ƙoshe take, a ba ta soyayyen dankali da ruwa, alhali kin san ba ƙoshi ba ne, kunya ce. In aka zo biya, in an ce a raba daidai an cuci mai dankali da ruwa, in an ce kowa ta biya nata an tona mata asiri a gaban ƙawayenta. Duk ta inda kika ɓullo sai wata ta koma gida da abu a ranta, kuma ba za ta faɗa ba, sai dai in an sake kiran taro ta ce yaro ba lafiya.

Sannan kuɗin da kika gani a menu ba shi za ki biya ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, tun watan Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5, kuma da yawa daga irin waɗannan wuraren suna ɗora kuɗin hidima a kai, wasu har kashi 10. Ki lissafa, in abincinku ya kama 100,000 a ido, da haraji da kuɗin hidima na kashi 10 ya zama 117,500, ga ruwan gora da za a yi ta ajiyewa a tebur ba wanda ya ce a kawo, shi ma yana cikin bil. Ba wai gidan mandi ba ya karɓar haraji ba ne, a'a, amma can tambaya ɗaya ce, tire nawa ne da komai da komai, a ba ki amsa ɗaya.

Mu bayan babbar salla muka yi namu taron a wani gidan mandi, kuma wallahi har yau in na tuna sai na ji daɗi a raina. Akwai wata a cikinmu da ba ta daɗe da fita takaba ba, ga yara a gabanta, ta ce ba za ta samu zuwa ba, duk mun san dalili. Mai karɓar kuɗin ta kira ta ta ce ai an riga an biya tire, kuɗin ya cika har da saura, ki zo kawai. Wasu ne suka cike nata a ɓoye, har yau ba ta san ko su waye ba. Aka ba mu ɓangaren iyali, ɗaki ne da kafet da matasai a jikin bango da labule, muka cire takalma, muka sauke mayafai, aka shimfiɗa leda a tsakiya, yara biyu suka shigo da tiren suna riƙe da shi gefe da gefe, da aka yaye abin rufin sai tururi ya tashi da ƙamshin kanumfari da hayaƙi, shinkafar dogaye wata fara wata ruwan ɗorawa, an barbaɗa soyayyar albasa da zabibi a kai, naman kuma ko wuƙa ba ya buƙata, kina taɓa shi yana rabuwa da ƙashi. Babbarmu ta wanke hannu ta shiga yagar naman tana turawa gaban kowa, ta fi turawa gaban mai takabar tana cewa ke ci, kin rame. Baiwar Allah nan da ta shigo shiru-shiru, kafin a kawo shayi ita ce ke ba da labarin yadda muka taɓa tsallake katangar makaranta don sayen awara, tana dariya har da hawaye. A tebur mai menu wannan ba za ta faru ba, don tun farko ma ba za ta zo ba.

Wancan na zamanin na taɓa zuba kuɗina a irinsa da ƙawaye, esi ya yi sanyi, hotuna sun yi kyau, iyakar abin da zan iya faɗa kenan. In ku biyu ne ko uku, ko ke da maigida, ba laifi.

Ga kuma maganar lokaci. Mandi tun safe ake ɗora shi, kafin ku zo ya nuna, zubawa kawai za a yi, minti kaɗan tire ya sauka gaban kowa lokaci ɗaya. Oda goma sha biyu daban-daban kuwa ɗaya bayan ɗaya take fitowa daga kicin, ta farko ta gama cin nata ta goge baki ta ƙarshe tana nan tana leƙen ƙofa, ko kuma ta farkon ta ce za ta jira kowa abincinta ya huce. Kuma dogon tebur raba taro yake yi, na wannan ƙarshen ba sa jin na wancan, ga kiɗa a sama, sai ki ga an kasu gida uku kowa da wayarta. A zagaye a ƙasa kuwa kowa na kallon fuskar kowa. In lokacin salla ya yi ma nan cikin ɗakin za ku tayar da ita a kan kafet, ba sai an fita neman wuri ba.

Tunda na ce ku je, bari ki san abin da za ki saya. Mandi asalinsa daga Hadramaut ne a ƙasar Yaman, ya bazu Saudiyya, mu kuma yawancinmu a Makka da Madina muka fara saninsa lokacin Hajji ko Umara. A rami ake yinsa, a hura itace har ya zama garwashi, a sa tukunyar shinkafar basmati a ƙasa, a jera naman a samanta yadda romonsa da kitsensa za su riƙa ɗiga cikin shinkafar, a toshe bakin ramin ruf ya yi awanni, shi ya sa naman ke yin laushi haka kuma hayaƙin ke shiga har cikin ƙwayar shinkafa. Kabsa daban ce, ita a tukunya ɗaya ake dafa shinkafar cikin romon naman da tumatir, ta fi ja ta fi kayan ƙamshi. Gidaje da yawa a nan ba su da rami, a oven suke gasawa sannan su jefa garwashi a ɗan kofin mai su rufe don ƙamshin hayaƙi ya kama, wannan ba laifi ba ne in an iya, yana daɗi, amma kar a caje ki kuɗin na rami. Ki ce a haɗo muku da ɗanyen tumatir da attaruhu da suke markaɗawa, da yawa, don shinkafar ba miya gare ta ba, bakin Bahaushe kuma yana son ɗan yaji.

Yana da nasa matsalolin fa, kar ki ce ban faɗa ba. Zaman ƙasa yana wahalar da mai ciwon gwiwa da mai tsohon ciki, ki tambaya tun farko a tanadar musu kujera. Abinci ne mai nauyi, shinkafa ce da kitse, in akwai mai ciwon suga ko hawan jini a cikinku a ƙara mata salak da gasasshiyar kaza a gefe. Akwai kuma wadda ba ta son sa hannu a tire ɗaya da mutane, wannan ba abin faɗa ba ne, a karɓo mata faranti da cokali a ɗebar mata. Kuma na rago yakan ƙare da wuri musamman Juma'a da Asabar, wanda ya zo a makare sai dai kaza.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, ki yi hankali da macuta, don sun yi yawa a harkar nan. Akwai masu ɗaukar hoton tiren wasu su sa a Instagram ko status na WhatsApp, su ce a turo kafin alƙalami don a kama muku wuri, ki tura, ranar ki kira waya a kashe, ko adireshin ma babu shi. Kar ki tura wa kowa kuɗi sai kin je da ƙafarki kin ga gidan, kin ga ɗakin da za a ba ku, gani ya kori ji. In za ki tura ma ki duba sunan da ya fito a asusun, na gidan abincin ne ko na wani yaro da ke aiki a wurin, don akwai masu ba da lambar asusunsu, in rigima ta tashi mai gidan ya ce shi bai ga komai ba. Ki karɓi rasit, a rubuta tire nawa, na rago ko na kaza, da ranar, da lokacin. Akwai masu cewa rago su kawo akuya, ko su ce rabin rago sai ki ga wuya da haƙarƙari kawai an baza su sun cika ido, cinya da kafaɗa an sayar wa wasu, don haka ki faɗa da bakinki cewa kina son ki ga cinya ko kafaɗa a kan tiren. Akwai masu gauraya basmati da shinkafar gida, za ki gane, ƙwayar ba ta kai tsayi ɗaya ba kuma tana cuɗewa. Mafi muni masu ɗumama ta jiya, in kika ji naman ya bushe a gefe ko shinkafar ta fara wani tsami-tsami ku mayar, kar ku ji kunya, ba kyauta aka ba ku ba, kuma shinkafar da ta kwana a waje cikin zafin nan tana iya kwantar da mutum. A wancan na zamanin kuma in har can kuka ƙare, menu da ba farashi a jiki kar ku yi oda sai an faɗa muku, sannan mutum ɗaya ta zauna ta bi bil ɗin layi-layi kafin a biya, ana cusa abin da ba a ci ba in an ga taro ne ba mai lura.

Ku sa shi da rana, bayan azahar zuwa la'asar, lokacin abincin na sabo, kuma kowa ta koma gida da ido. Kin san a 2022 aka sa dokar hana adaidaita sahu aiki daga 10 na dare a Kano, kuma ko ba doka ma, wadda za ta koma Rijiyar Zaki ko Hotoro ko Kurna ba za ki so dare ya yi mata a hanya ba, ga mazan da za su fara kira.

Ku goma sha biyu babban tire biyu ya ishe ku, ɗaya rago ɗaya kaza, kar ki yarda a ce miki sai uku, mata ba sa cinye shinkafar nan, abin da ya rage a zuba muku a roba a ba masu yara da yawa. Kafin ranar ki je ke kaɗai ko ki aika a sayo miki faranti ɗaya na rago ki ɗanɗana, in ya yi miki sai ki ba da kafin alƙalamin a hannun mai gidan ki ce a riƙe muku ɗakin mai labule.