Kamarar hangen nesa da aka haɗa min a Sabon Gari, ga yadda na same ta

Abin da ya fara jan hankalina da wannan kamarar shi ne ba ta cin forfe ko na dala ɗaya. Babu sim a cikinta, ba ruwanta da Airtel ko Moov ko Zamani, ko da rezo ya ɗauke a duk faɗin Damagaram ita tana nan tana turo hoto abinta, don anten biyu ne ke magana da junansu kai tsaye, ɗaya can wurin kamarar ɗaya nan wurinka. Kuma ba a kwali ake sayenta a haɗe ba, wani matashi mai gyaran ordinatar da saka kamarori a Sabon Gari ne ya haɗa min ita da kayan da kowa zai iya samu.

Dabarar irin wadda masu wasan harbin nesa na Amurka ke amfani da ita ce. Su can mutum zai kafa takardar auna saiti a yadi 1000, wato mita 914 ke nan, ya harba, to ta yaya zai san inda harsashin ya faɗa? Ko ya tashi ya taka har can ya dawo, ko ya duba da madubin hangen nesa, shi kuma madubin da rana ta take shi ke nan, kawalwalniya ta tashi daga ƙasa hoton ya dinga rawa, ƴar hudar harsashi ba za ta ganu ba ko madubin na miliyan nawa ne. Mu da muka san ranar watan Afrilu a nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sai suka ce to a kai idon can kusa mana, a ajiye kamara ƴan taku kaɗan daga takardar ta turo hoton zuwa waya. Akwai kamfanonin da ke sayar da ita a shirye kamar Longshot da Caldwell, kuɗinta ɗaruruwan dalar Amurka ne, shi ya sa da yawansu suke haɗa tasu a gida. Ni ba maharbi ba ne, garka gare ni a bayan gari wajen kilomita ɗaya da gida, akwai injin ban ruwa da tiyo da ƴan tumaki, kuma duk mai garka ya san abin da ke hana shi barci. Amma haɗin iri ɗaya ne sak, har shi yaron ma a bidiyon maharban ya koya.

Kayan da ya sa: anten biyu na TP-Link CPE210, waɗannan fararen masu tsawo da kuke gani a saman wasu ma'aikatu da wuraren sayar da wifi, kamarar IP ɗaya, wato irin mai turo hoto ta kabul ɗin rezo, mai 2MP ta wani kamfanin Sin da ban ma iya karanta sunansa, batir 12V 7Ah irin na cikin ondulai, akwatin nan mai riƙe wa ordinatar wuta in an ɗauke, ɗan ƙaramin allo mai ɗaga wuta daga 12 zuwa 24, sai ƙaramin rutar a gida wanda waya ke kamawa. CPE210 a kan 2.4GHz yake aiki, ƙarfin anten ɗinsa 9dBi, a kwalinsa an rubuta yana kai kilomita 5 har da ɗoriya. Wutarsa ta cikin kabul ɗin rezo take bi, abin da ake kira PoE ke nan, 24V, kuma nan ne yaron ya fara birge ni, don tun kafin in tambaya ya ce min Alhaji kar ka yarda wani ya jona maka wannan da PoE na kamara, na yawancin kamarori 48V ne, wannan 24 ne, ba jirginsu ɗaya ba. Kamarar ya ba ta 12V ɗinta daban daga batir. Wanda bai san aikinsa ba a nan yake ƙona maka kaya ya ce dama lalatattu ka kawo.

Gwajin da ya yi min kafin in biya shi ne ya sa na yarda. Ya manna farar takarda a jikin kwali, ya aika ƙanensa da kabu-kabu can garkar da ƙusa a hannu, ya ce ya kafa kamarar kamar mita 3 daga kwalin, mu kuma muna tsaye a saman soro da waya. Yaron can yana huda takardar da ƙusa mu muna ƙirgawa a nan, huda ta fito sai ka ganta baƙa ƙirin a kan fari, jinkirin bai wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ba, har da ya zana da'ira da biro ya huda bakin layin muka gane ta waje ta faɗa ba ta ciki ba. Wallahi abin da daɗin kallo. Don haka in don auna saiti ne, eh tana yi, hudar ƙusa ma ta ganu balle ta harsashi. Sai dai idon kamarar yana da muhimmanci, mai 2.8mm yana ɗauko fili mai faɗi amma komai ƙanana, shi ya dace da gadin garka, mai son ganin huda a takarda ya nemi 6mm ko sama, kuma ya ajiye ta ƙasa-ƙasa a gefe da buhun yashi a gabanta, in ba haka ba ranar da hannu ya kauce kamarar ce za ta sha. Abin da waccan ta kamfani ta fi wannan shi ne manhajarta, tana nuna maka hudar ƙarshe tana ƙyaftawa, a nan kuwa babu, sai dai ka ɗauki hoton allo bayan kowane harbi ka gwada da na baya. Mu da manhajar kallon bidiyo ta VLC muke kallo, ya saka min adireshin da hoton kamarar ke fitowa ta cikinsa, wanda suke kira RTSP, ya ajiye, danna ɗaya ne.

Yanzu maganar kilomita 5 ɗin nan, a nan nake so jama'a su natsu, don mutane suna ganin lambar a kwali su ɗauka ko ta bayan dutse ne zai wuce. Ba haka ba ne. Sai anten biyun suna kallon juna ido da ido, kuma ko hakan ma bai isa ba, saƙon ba a siririn layi yake tafiya ba, a tsakiyar hanya yana kumbura kamar cikin tulu, a tazarar kilomita ɗaya a kan 2.4GHz kumburin ya kai mita 5 da rabi kowane gefe, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan filin ya zama babu komai a ciki, wato sama da mita 3 tsakanin layin da duk wani abu, har ƙasa kanta. Shi ya sa in ka ɗora anten a kan kujera ka ce bari in gwada, sai ka ga hoto yana tsayawa yana tafiya kana zagin kaya alhali kayan lafiyarsu lau. Da ya ɗaga na garkar a kan bututun ƙarfe mai mita 6, na gida kuma a saman soro, hoton ya zauna daram. Garinmu kuma kun san shi da duwatsu, wanda yake Birni ko wata unguwar da dutse ya tare masa gaba, kar ya sayi komai sai an hau sama an duba tukuna, dutse ba ya jin lallashi. Itatuwa ma haka, ganye ruwa ne a cikinsa kuma ruwa yana shanye wannan saƙon. Akwai wani gawo a kan hanyata, shi kuma gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye da rani ya yi lif, to lokacin da sauran itatuwa suka bushe lokacin ne shi yake rage min ƙarfi, sai da aka ɗan karkata bututun gefe. Ƙurar hunturu kuwa ban ga ta taɓa saƙon ba, gilashin kamarar da pannon sola take rufewa, sai an riƙa gogewa da tsumma.

Yaron ya ce a cikin gari inda wifi ya yi yawa gara CPE510 mai 5GHz, ya fi samun sarari kuma kumburin nasa bai kai wancan ba, amma ya fi ƙin ganye. Ni bayan gari nake, 2.4 ta ishe ni.

Wani abu da zai iya rikita mutum ranar farko: waya in ta kama wifi ɗin ta ga babu intanet a ciki sai ta sulale ta koma kan data ba ta faɗa maka ba, kai kuma kana ta danna VLC yana juyawa. Kashe data kawai. Kuma akwai wani saiti a cikin anten ɗin, MAXtream, in an kunna shi anten da anten suna jituwa sosai amma waya ba za ta iya kama shi kai tsaye ba, dole ta bi ta rutar. Wannan duk ya yi min bayani tiryan-tiryan ba tare da ya nuna min shi ne ya yi lakkwal ba, ga shi ya canza lambar sirrin da kayan suka zo da ita ya rubuta min a takarda, da yawa ba sa yi, su bar maka admin admin duk ɗan unguwar da ya iya waya ya shiga ya kalli tumakinka.

To inda ban ji daɗi ba, wuta. Batir 12V 7Ah lissafinsa wat 84 ne na awa ɗaya, kuma irin wannan batir ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi in ana so ya yi kwana, kamara da anten tare suna jan kusan wat 10 in fitilar dare ta kamarar ta kunnu, ka ga awa 4 zuwa 5 ke nan. Ga mai fita auna saiti da hantsi ya dawo kafin azahar ya isa har ya yi saura. Ga mai gadin garka dare da rana kuwa wasa ne, wat 10 sau awa 24 ya kama 240, kana bukatar batir kamar 50Ah da panno mai wat 100 da regilatai mai daidaita cajin batirin. Shi ya san garka zan kai, na faɗa masa tun farko, amma ya haɗa min da ƙaramin don kuɗin ya yi daɗin ji a kunne, sai da kamarar ta riƙa mutuwa tsakar dare, daidai lokacin da ake bukatarta, na koma sannan ya ce ai dama Alhaji sai an ƙara. Wannan ɗabi'ar ta masu gyaranmu tana ba ni haushi, ka faɗa wa mutum gaskiyar kuɗi gaba ɗaya in zai iya ya yi in ba zai iya ba ya haƙura. Kuma batirin da ya fara sa min ɗin ma bai yi wani ƙarko ba ya kumbura, ko da yake a nan ba zan ɗora masa duka ba, zafinmu da ke wuce digiri 40 yana cin ran irin waɗannan batura da sauri, musamman in an kulle su cikin akwatin ƙarfe a rana.

Akwatin ma abin magana ne. A robar ajiye abinci ya zuba min kayan, ya huda gefe ya naɗe da salatif, wayoyi a cakuɗe. Ilimin rezo yana da shi ba ƙarya, amma gamawa da tsafta sifiri. Ni na kai wa mai walda ya yi min akwati mai ramukan shan iska ta ƙasa da ƴar rumfa a kai da wurin kwaɗo, kuma aka binne sandar ƙarfe aka ɗaure bututun da ita saboda tsawa, bututu mai mita 6 a fili da damina ba abin wasa ba ne, shi bai ma kawo zancen ba sai da na tambaya.

Da dare hoton baƙi da fari ne, kusa da kamarar ana gane mutum, daga mita 15 zuwa sama sai dai ka ce ga wani abu yana motsi, kuma ƙwari suna son fitilar, gizo-gizo ya yi saƙa a gaban gilashin sai ka ga fari fat. Kamarar ce mai araha, ba laifin haɗin ba ne. Tana da wurin kart memuwar, ku tabbata taku ma tana da shi, don in ba ka kallo a lokacin da abu ya faru aƙalla ka koma baya ka gani.

Kuɗi: ni haɗin farko da ladan aikinsa ya tasar min wajen jika 130, babban batir da panno da akwati suka ƙara kusan wani 100 ɗin. Kar ku riƙe wannan lambar da ƙarfi, kayan daga Kano ake kawo su, farashin yana bin naira da halin da boda take ciki, abin da na biya ba lallai shi za ku biya ba. Garanti kuwa na baki ne, in ya lalace ka kawo mu gani, ko rasit sai da na matsa.

Sai maganar da bai kamata a tsallake ba. A halin tsaron da ƙasa take ciki, mutum ya ɗauki anten da kamara da batir ya nufi daji yana kafawa, ko ba bindiga a hannunsa za a tambaye shi, kuma da gaskiyar masu tambayar. Ni kafin a kafa bututun na je na gaida mai unguwa na faɗa masa, na nuna wa maƙwabtan garka abin da kamarar ke ɗauka don kar wani ya ce iyalinsa nake leƙe. Mai niyyar amfani da ita wajen harbi kuwa, bindiga sai da takardar izinin hukuma, wannan ba aikin mai gyaran ordinatar ba ne kuma kamara ba ta wanke kowa.

Zan sake kai masa aiki? Eh, akwai ma ta biyu da nake so a juya wajen garken. Amma wannan karon sai ya zo ya hau soro ya duba hanya kafin a sayi ko kabul, ya rubuta min lissafin wutar awa 24 a takarda da hannunsa, kuma rabin kuɗin aikin yana aljihuna har sai kamarar ta kwana ta wayi gari a kunne.