Google Maps da Shawarar Ƙaura Tsakanin Birane Biyu Maƙwabta: Abin da Na Gani Bayan Wata Biyu

Kusan shekara biyu na yi ina kwana a birni guda ina aiki a wani, kuma a tsawon wannan lokaci babu makon da zai wuce ba mu tayar da maganar ƙaura ni da uwargidana ba. Da a ce birnin da nake aiki yana da nisa sosai, da shawarar ta yanke kanta tun ranar da na karɓi aikin, domin babu mai tunanin zuwa da dawowa kullum a kan tafiyar yini guda. Wahalar birane maƙwabta ita ce tazarar ba ta kai ta tilasta wa mutum tashi ba, ba ta kuma yi ƙanƙantar da zai manta da ita ba, sai ya yi ta cewa baɗi, alhali hanya tana cin ƙarfinsa a hankali. Da muka gaji da muhawarar da kowa ke kawo hujjarsa daga zuciya, sai muka amince mu zauna mu auna al'amarin da manhajar taswira ta Google Maps, kuma wannan sharhi bayani ne na yadda ta yi mana aiki a wannan fanni kaɗai.

Manhajar ba baƙuwa ba ce ga mai riƙe da wayar zamani. An ƙaddamar da ita a watan Fabrairun 2005, bayan Google ya sayi wani ƙaramin kamfani na birnin Sidni a Ostireliya a 2004, kuma ana amfani da ita kyauta a waya da kwamfuta. Yawancinmu mun san ta a matsayin muryar da ke cewa a juya dama ko hagu. Amma ga mai shawarar ƙaura, amfaninta mafi girma yana cikin wani ɗan zaɓi da mutane da yawa ba sa taɓawa, wato inda ake saka ranar da lokacin da ake son tashi, ko lokacin da ake son isa. Ina ba da shawarar a yi wannan aiki a kwamfuta, saboda allon ya fi faɗi kuma an fi ganin hanyoyi daban-daban a lokaci guda.

Ga yadda abin ya kasance. Wani dare bayan yara sun yi barci na buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, uwargida tana gefe da littafin rubutu da biro. Na saka adireshin gida da na wurin aiki, sai taswira ta ce minti 40, wanda shi ne adadin da na saba faɗa wa duk wanda ya tambaye ni nisan wurin aikina. Sai na canza lokacin, na ce ina son isa ƙarfe 8 na safiyar Litinin. Nan take adadi guda ya koma biyu: tsakanin minti 55 da awa ɗaya da minti 35. Ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan na biyun shi ne gaskiyar rayuwarmu, domin da shi kake fita." Kuma haka ne, domin wanda ba ya son makara ba ya tsara fitarsa bisa ranar da hanya ta yi daɗi, yana tsara ta ne bisa ranar da ta fi muni, ko da sau ɗaya take zuwa a mako. A ganina wannan nuna tazara tsakanin mafi sauƙi da mafi tsanani shi ne abu mafi daraja a manhajar baki ɗaya, kuma shi kaɗai ya isa a yaba mata.

Daga nan lissafi ya zama mai sauƙi, ko da yake sakamakonsa bai yi mana daɗi ba. Idan aka ɗauki awa ɗaya da kwata zuwa, haka kuma dawowa, awa biyu da rabi ke nan a rana. A kwana biyar na mako, cikin makonni 46 na aiki, jimillar ta kai awa 575, wato kusan kwana 24 cur, dare da rana, a zaune cikin mota. Wannan ya ninka fiye da sau biyu abin da masanin nan ɗan Italiya Cesare Marchetti ya bayyana a 1994, cewa mutane a zamani da wurare daban-daban sukan kashe kimanin awa ɗaya ne a rana wajen zirga-zirga. Akwai kuma binciken masana tattalin arziki Alois Stutzer da Bruno Frey na 2008, wanda suka gina kan bayanan da aka tattara a Jamus, inda suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sukan bayyana ƙarancin gamsuwa da rayuwarsu, ma'ana ƙarin albashi ko kyan gidan da suka samu bai biya su abin da hanya ta ƙwace ba. Ban buƙaci bincike kafin in san na gaji ba, amma ganin adadin a rubuce da hannun matata ya sa na daina raina gajiyar.

Da a nan muka tsaya, da mun ɗaure kaya mun tafi. Abin da ya sauya tunaninmu shi ne launukan cunkoso. Manhajar tana shafa wa hanyoyi kore inda motoci ke gudu, ruwan lemo inda suka rage, ja inda suka cushe, kuma jan yana ƙara duhu gwargwadon tsananin cunkoson. A kwamfuta ana iya barin halin da ake ciki a yanzu a koma ga yadda hanya ta saba kasancewa a kowace rana da kowace awa, mutum yana jan ɗan maɓalli yana kallon birni yana yin ja da safe, ya huce da hantsi, ya sake yin ja da yamma. Wannan bayani yana fitowa ne daga motsin wayoyin mutanen da ke kan hanya, a haɗe ba tare da sunaye ba, tare da rahotannin masu tuƙi, musamman tun da Google ya sayi Waze, wata manhajar nuna wa masu tuƙi hanya, a 2013. Wani mai fasaha a Berlin, Simon Weckert, ya nuna yadda tsarin yake a 2020, lokacin da ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke ya ja su a titin da babu kowa, taswira kuwa ta shafa wa titin ja. Abin da za a fahimta a nan shi ne ingancin launukan ya dogara ne da yawan wayoyin da ke bin hanyar, don haka sun fi zama abin dogaro a manyan tituna fiye da lunguna.

Da na bi hanyata da ido daga ƙofar gida har ƙofar ofis, sai na ga babbar hanyar da ta haɗa biranen biyu kore ce kusan daga farko har ƙarshe. Jan duk yana wuri biyu: daga unguwarmu zuwa mafitar birninmu, inda nake ratsa tsakiyar gari da shataletale uku, sai kuma ɗan guntu a mashigar ɗaya birnin. Ashe fiye da rabin lokacin da nake ɗora wa nisan birane, a cikin birnina nake ɓata shi. Shekara biyu ina bin hanyar ban taɓa raba ta gida-gida haka ba, domin mai tuƙi yana jin tafiyar ne a dunƙule. Nan tambayarmu ta tashi daga wane birni za mu zauna ta koma wace unguwa, kuma zaɓi na uku ya bayyana, wato mu tsaya a birninmu amma mu koma gefen da ke fuskantar maƙwabcin.

Domin gwada zaɓin uku, mun buɗe jerin wurare a cikin manhajar wanda ni da ita muke iya gani da gyarawa daga wayoyinmu. Mun saka wurin aikinta, makarantar yara, asibitin da muke zuwa, gidan mahaifiyata, da duk gidan hayar da aka nuna mana a biranen biyu. Wannan ya hana ni son kai, saboda duk gidan da ya rage mini minti 30 sai mu duba ko ya ƙara mata 40. A nan ne na so a ce manhajar ta fi haka sauƙi. Ana iya jera zango da yawa a tafiya guda, amma zaɓin lokacin tashi yana aiki ne tsakanin wuri biyu, saboda haka mai sauke yara a makaranta kafin ya wuce aiki sai ya auna kowane zango shi kaɗai ya haɗa da hannu. Haka nan bayanan motocin haya da jiragen ƙasa sun dogara ne da ko hukumomin sufuri sun ba da jadawalinsu, don haka a wani birni za a same su cikakku, a wani kuwa mai shiga motar haya sai ya tambayi masu bin hanyar.

Hotunan tauraron ɗan'adam da na Street View, wato sashen da ke nuna hotunan tituna da aka ɗauka da mota, wanda aka fara a 2007, sun taimaka wajen tankaɗe. Mun cire gidaje da dama ba tare da mun taka ƙafa ba, wani don yana manne da tashar manyan motoci, wani don hanyar shigarsa ɗaya ce tak. Sai dai a kula da kwanan watan da ke jikin hoton, domin unguwa tana iya sauya kama cikin shekara uku, kuma ba kowane titi motar ɗaukar hoton ta shiga ba. Bayan tankaɗe kuma, zuwa da kai ya fi aike. Wani gida da ya fi kowanne kyau a allo, da muka je sai na lura da wani layi mai duhu a jikin katangar waje, daidai gwiwata, ya zagaye gidan da na maƙwabta. Wani dattijo da ke zaune a ƙofar gidansa ya ga ina dubawa, bayan mun gaisa na ce, "Baba, ruwa ne ya kai nan?" Ya ce duk shekarar da aka yi ruwa mai yawa sai ya kai. Taswira ba a yi ta don ta faɗi wannan ba, kamar yadda ba za ta faɗi ƙarfin ruwan famfo, ko hayaniyar dare, ko halin mai gidan haya ba.

Akwai kuma batun sirri da bai kamata a tsallake ba. Manhajar tana da sashen da ke adana tarihin wuraren da mutum ya je idan ya kunna shi, kuma tun 2024 ana ajiye wannan tarihi a cikin wayar mutum. Na kunna shi na tsawon wata biyu don in kwatanta hasashen taswira da ainihin lokacin da na ɓata, na tarar kwanakina sun faɗa cikin tazarar da ta bayar in ban da ranaku biyu da aka yi haɗari a hanya, sannan na kashe shi na goge. Wanda bai natsu da wannan ba, agogo da littafin rubutu za su yi masa aikin.

Abu guda da muka saka a jerin wanda mintuna ba su bayyana nauyinsa ba shi ne gidan mahaifiyata. A allo, ƙaura zuwa ɗaya birnin ta mayar da ziyararta daga minti 15 zuwa kusan awa ɗaya, adadin da ba ya tsoratarwa. Amma na san cewa leƙawar yamma ta kowace rana za ta koma ziyarar ƙarshen mako, daga baya ta wata-wata, kuma ita tana shekarun da ake buƙatar wanda zai iso cikin dare idan an kira. Wannan mu muka auna shi, ba manhaja ba.

A ma'aunina, ga mai wannan shawara, Google Maps ta cancanci huɗu cikin biyar, kuma ɗayan da na riƙe saboda wahalar haɗa zango da yawa ne. Mun kama gida a unguwar da ke bakin mafitar birninmu, yara ba su canza makaranta ba, tafiyar uwargida ta ƙaru da minti 10, tawa kuma a safiyar Litinin yanzu tana tsakanin minti 35 da 50.