Hoton jirgin kwal a falo: wanne za ka saya a Yamai?

Kwanan baya, wajen masu kayan tarihi na unguwar Château, wani dattijo ya miƙo mini katin aika saƙo ta gidan waya mai hoton kan jirgin ƙasa yana tuƙa hayaƙi. Ya ce, "Alhaji, duba rubutun, jirginmu ne na Nijar." Na duba, an rubuta Dakar-Niger. Na ce, "Baba, wannan Neja kogi ce, ba ƙasa ba." Layin ya taso daga Dakar ne ya bi ta Bamako ya tsaya Kulikoro, bakin kogi. Na saya dai, amma a matsayin jirgin Mali.

Wannan shi ne abin da mai saye zai fara riƙewa: jirgin kwal bai taɓa taka ƙasar Nijar ba. Layin Abijan, duk da sunansa Abidjan-Niger, Wagadugu ya kai a 1954. Na Kwatano ya tsaya Paraku a 1936, daga nan sai manyan motoci. Tashar Yamai kuwa a 2014 aka buɗe ta, hayaƙin kwal ya daɗe da ɗaukewa. Jirgin da kakanninmu suka sani na Najeriya ne. Dogo ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kuma gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta sha bin waɗannan tashoshi. In kana son hoton da ya shafi gidanku, can za ka karkata.

To, tsohon kati ko sabon bugu? Katin asali yana da daɗin riƙewa: hatimin gidan waya, rubutun wani ɗan kasuwa da alƙalamin tawada, warin tsohuwar takarda. Na ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka sun fi yawa, musamman na Edmond Fortier, mai hoton nan na Dakar, kuma ana samun su a shafukan saye da sayarwa na intanet, Delcampe da eBay, fiye da kasuwanninmu. Juya bayan katin. In babu layin da ya raba wurin saƙo da na adireshi, alama ce ta kafin 1904. Sa madubin ƙara girma a kan hayaƙin: in ka ga ɗigo-ɗigo masu launi, injin buga takarda na jiya ne ya yi shi, ko da an jiƙa shi da shayi ya yi jaja-jaja. Matsalar katin asali ita ce ƙanƙanta, santimita 9 da 14 ne kawai, baƙon da ke kan kujera ba zai ga komai ba. Kuma ranar Yamai ba ta da tausayi, sai ta kashe masa launi.

Ni dai sabon bugu nake ratayewa. A ɗauki hoton katin da inji mai kyau, a faɗaɗa shi, a sa gilashi, a liƙe bayan allon sosai saboda ƙurar hunturu da gara. Katin kansa ya kwanta a akwati. Sai dai ka ce wa mai bugun kada ya ƙara launi, kada ya goge tabo. Na taɓa karɓar nawa an shafe lambar da ke jikin kan jirgin, wai datti ce, alhali da ita ake gane irinsa da masana'antar da ta ƙera shi.

Tambur na wasiƙa mai hoton jirgi shi ne mafi sauƙi a aljihu. Shida ko takwas a allo guda sun isa ado, yara ma suna so.

Kayan ƙarfe ne wurin taka-tsantsan: fitilar mai ba da hannu, usur, ƙararrawa, da farantin tagulla mai sunan masana'anta, irin su Vulcan Foundry ta Ingila da ta ƙera wa Najeriya kawunan jirgi masu sunayen koguna a 1948. Maƙeran farinmu gwanaye ne, za su zuba maka irinsa ka rantse na asali ne. Kifa shi ka duba baya. Wanda ya yi shekaru a jikin jirgi yana da tabon tsatsa da baƙin mai, ramukan ƙusarsa sun ci, haruffansa sun ɗan side saboda goga. Sabon zubi yakan zo da ƙuraje kamar yashi tsakanin haruffa. Tambayi mai kayan daga ina ya fito. "Daga Najeriya" ba amsa ba ce, wace tasha, hannun wa? Akwai kuma abin da kuɗi bai kamata ya saya ba: kawunan jirgin ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, da aka rufe a 1957, suna ajiye a gidan tarihin Jos, duk wanda ya ce daga jikinsu ya ɓalle maka abu, mayar masa da kayansa.

Fitila ce na fi yarda da ita cikin ƙarafan, domin gilashinta ja da kore ba abin da ake kwaikwaya a araha ba ne. Tawa tana kan kabad, ƙarƙashin hoton tashar Kano, kuma ran da aka ɗauke wuta uwargida takan sa mata kananzir.